Tambayi Anti: 'Yata ta samu gurbi a jami'ar su Fada, mu bar ta ta tafi?

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Tun da JAMB ta fara sakin adimishan saƙonni suka yi min yawa a kan abu ɗaya, wato jami'o'in kuɗi na 'yan mishan musamman na Katolika, shi ne na ce bari wannan makon mu ba su filin gaba ɗaya. Masu tambayar kishiya da uwar miji ku yi haƙuri sai wani makon, ai ba guduwa za su yi ba.

TAMBAYA: Anti barka da aiki, dan Allah ki ba ni shawara kaina ya kulle. 'Yata ce ta fari take ta rubuta JAMB tana neman karatun lauya a jami'ar gwamnati ba ta samu ba, bana sai ƙanin babanta da ke aiki a Abuja ya ce a gwada jami'ar Veritas ta Bwari, kuma cikin ikon Allah suka ba ta har ya ce shi zai biya rabin kuɗin. To Alhaji ya ce shi fa ba zai kai 'yarsa makarantar coci a je a canza mata addini ba, dangi kuma kowa da abin da yake faɗa, wannan ya ce kullum sai ta shiga coci wancan ya ce cire mata hijabi za a yi. Yarinya ta daina cin abinci sai kuka. Ya zan yi?
Wata uwa daga Tudun Wadan Zariya

AMSA: Hajiya sannu da ƙoƙari, Allah ya raya mana su. Kar ki soma ce wa Alhaji ai suna ne kawai ba makarantar coci ba ce, don ta coci ce ɗari bisa ɗari. Majalisar bishop-bishop ɗin Katolika ta Najeriya gaba ɗayanta ce ta kafa Veritas, NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ta ba ta lasisi a 2007, ta fara ɗaukar ɗalibai a 2008 a Obehie ta jihar Abiya kafin daga baya ta koma mazauninta na Bwari. A irin waɗannan makarantu za ta ga gicciye a bango, za ta ga Fada da Sista cikin malamanta, taro da addu'arsu ake buɗe shi, kuma yawancinsu kan ƙara kos na falsafa da tarbiyya a kan GST, kwasa-kwasan bai ɗaya, da kowace jami'a ke yi. In kika ɓoye masa wannan ranar da ya je ziyara ya gani da idonsa ke za ki sha faɗa.

Amma ki tuna masa a hankali cewa wannan ba baƙon abu ba ne a Arewa. St. Louis ta Kano 'ya'yan Musulmi nawa ta yaye, yau ga su nan hajiyoyi da jikoki? Kwalejin Rimi ta Kaduna ai St. John's ce ta su Fada kafin gwamnati ta karɓe makarantun mishan a shekarun 1970, Queen Amina ta Kakuri kuma Queen of Apostles ce. Wataƙila ma cikin abokansa akwai wanda ya yi can.

Ta fuskar doka, sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi shiga ibadar addinin da ba nasa ba. Ita kanta cocin tana da takardar da Paparoma John Paul na biyu ya fitar a 1990 kan yadda jami'o'inta za su gudana a duniya, a ciki an ce ɗalibi kowane iri ne ya girmama cewa wurin na Katolika ne, ita ma jami'a ta girmama 'yancin imanin kowa da ibadar waɗanda ba 'yan ɗarikar ba. Wannan a takarda ke nan. A aikace kuwa makarantun sun bambanta sosai, akwai wadda Mas, wato ibadar Katolika, na Lahadi da na bikin matirik dole ne ga kowa har da ɗaukar suna, akwai wadda ba ruwanta da kai in ba ɗan coci ba ne, kuma doka kan canza in an canza shugaba, shi ya sa labarin ƙawar maƙwabciya da ta gama shekaru da suka wuce ba zai ishe ki ba.

Gani ya kori ji. Ku shirya ke da Alhaji da ƙanin nasa ku je Bwari da ƙafarku, garin da hedikwatar JAMB da Makarantar Lauyoyi suke ba ɓoyayye ba ne, ku wuce ofishin kula da harkokin ɗalibai ku nemi littafin dokokinsu ku karanta tun kafin a biya ko sisi, domin ranar matirik rantsuwa za ta yi ta sa hannu cewa ta yarda da duk abin da ke ciki, bayan nan kuka ba ya magani. Ku tambaya baki da baki: hijabi wane tsawo aka yarda da shi a aji da ɗakin jarrabawa, ina Musulmi ke sallah, da azumi ya ake da sahur in kafteriya a rufe take da asuba kuma an hana girki a hostal, ana ba da izinin tafiya gida da Sallah ko kuwa. Masu 'ya'ya maza ku ƙara da maganar fita Juma'a. In kun gama da ofis ki zagaya ki samu yarinya Musulma 'yar aji uku ki ja ta gefe, abin da za ta faɗa miki a minti goma ya fi na ofis.

Ra'ayina kuwa, ƙararrawar coci ba ta canza wa yarinyar da ta yi Islamiyya addini. Abin da ya fi ba ni tsoro sakaci ne, wurin da ba ladan ba mai buga ƙofa da asuba, lakca ta ci azahar ta haɗa da la'asar, a hankali sallah ta koma sai an tuna, kuma wannan ko a ABU yana faruwa. A nan ya kamata ku sa ido, ta samu ƙawaye biyu uku masu tashin juna. In kuma kun je aka ce muku hijabi sam ba hali to kar ki matsa, jami'ar Nile a Abuja da Al-Hikmah ta Ilori duk suna karatun lauya, sai dai a duba aljihu. Sannan Hajiya kar ki bi ta bayan Alhaji ki biya kuɗi a ɓoye, ki bar ɗan'uwansa ya yi masa magana, tsakaninsu ta fi shiga.

TAMBAYA: Anti ni Katolika ne tun kakanni, har hidimar bagadi na yi wa Fada a cocinmu, amma wallahi na gaji. Ina aji biyu a wata ƙaramar jami'ar Katolika a Gabas, ba ka fita geti sai da eksiyat, wato takardar izinin fita, kuma sai an kira iyayenka a waya, da dare a zo a ƙirga mu a hostal, kullum taye da takalmi sau ciki, duk ajinmu ba mu kai talatin ba fuska ɗaya kake gani safe da yamma. Ga shi suna ce min aboki don ina jin Hausa, ga akpu kullum ni da na saba da tuwon masara da miyar karkashi. Abokaina na ABU da Jos suna ta ɗora hotuna suna shan iska. Ina so in yi taransifa, Baba ya ce in na ƙara maganar zai daina biya.
Wani ɗalibi daga Kafanchan

AMSA: Ɗana na ji ka, kuma ba zan ce maka ƙarya kake ba, akwai takura. Ni kaina wasu dokokin ina ganin sun yi yawa, saurayi mai shekara ashirin da ba a taɓa bari ya tsara wuninsa da kansa ba ranar da ya faɗa sansanin NYSC sai ka ga ya rikice. Amma ka san wa ya nemi wannan tsarin? Iyayenku. Abin da makarantar ke sayarwa ke nan, ba ƙungiyar asiri, ba yajin aiki, yaro yana inda aka ajiye shi, kuma ƙaramar jami'a da kuɗin ɗalibai take rayuwa, abin kunya ɗaya ya fita a Facebook shekara mai zuwa aji ya zama wayam, shi ya sa suke rufe geti haka.

Kafin ka ƙara tunkarar Baba zauna ka yi lissafi. Abokan naka masu hotuna ka tambaye su 2020 da ASUU ta yi wajen wata tara tana yajin aiki, ka tambayi yayyensu 2022 da aka rufe tun 14 ga Fabrairu sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur mutane na gida wasu har sun koyi ɗinki sun buɗe shago. Kai shekara huɗunka huɗu ce in ba ka kwaso kariyoba ba. Taransifa kuma ba sauya mota ba ce a tasha, sai makarantarku ta sake ka ta ba da taranskirif, sai waccan tana da gurbi kuma CGPA ɗinka, wato matsakaicin makinka, ya kai abin da suke so, galibi aji biyu za a mayar da kai ka maimaita, sannan sai an gyara bayananka a JAMB, in ba haka ba ranar tafiya bautar ƙasa sunanka ya ƙi fitowa ka yi ta zarya Bwari.

Ni a ganina abin da ke cin ka ba Mas ba ne ba kuma taye ba ne, ƙanƙantar wurin ce. Ƙaramar jami'a kamar gidan haya ce mai tsakar gida ɗaya, ka soya albasa kowa ya ji. Tana da illa ta gaske ban musa ba, malami ɗaya zai iya riƙe kos uku a sashenku, in jininku bai haɗu ba ba ka da wurin gudu, wasu sassan kuma da malaman aro suke tafiya masu zuwa daga jami'ar gwamnati ta kusa su dunƙule lakcar wata guda a Asabar biyu, ƙungiyar ɗalibai ba ta da haƙori balle a yi maganar zanga-zanga, sannan za ka fita da abokai kaɗan alhali a ƙasar nan wa ka sani yana aiki. Amma juya ta ɗaya gefen. A manyan jami'o'i akwai ajin da mutum ɗari biyar ke ciki wasu a kan taga wasu a tsaye a waje, malami ya yi shekara huɗu bai san da zamanka ba. Kai naka ya san sunanka ya san rubutunka, in ka yi fashi zai tambaya. To ka ci moriyar abin mana, ka bi shi ofis da tambaya, ka nemi ya sa ka cikin binciken da yake yi, ranar da za ka nemi sikolashif na digiri na biyu wasiƙar shaidar da wanda ya san ka da gaske zai rubuta daban take da wadda ake cike suna kawai.

Maganar iska kuma, in sashenku na zuwa SIWES, wato koyon aiki a ma'aikatu, ka zaɓi babban gari ka yi ta da gaske kar ka sayi sa hannu, dogon hutu ka kama wani aiki a Kaduna ko Jos, ka shiga NFCS da ta haɗa ɗaliban Katolika na ƙasar nan tun 1956 don tarukanta na fitar da mutum ya ga wasu makarantu. Aboki da suke ce maka kar ka ɗauka da zafi, yawancinsu ba su taɓa haye Lakwaja ba, ba su san akwai dayosis guda mai bishop ɗinsa a Kafanchan da ake Mas da Hausa ba, ka tara 'yan Arewan da ke nan ku roƙi Fada ya ba ku Lahadi ɗaya ku yi waƙoƙin Hausa da ganga irin na Zumuntar Mata ka ga yadda coci zai tashi. Akpu kam ba ni da maganinsa, ka sa Mama ta haɗo maka yaji da ƙuli-ƙuli.

TAMBAYA: Anti ni 'yar ECWA ce, sabuwar shiga. Rannan da tsakar rana aka kaɗa ƙararrawa kowa ya tsaya cak ni kaɗai nake tafiya ana kallona, kunya kamar in nutse. Kuma in an tashi karɓar jibin Ubangiji a Mas ban san ko in bi layi ba.
Wata ɗaliba daga Kaltungo

AMSA: 'Yata wannan ƙararrawar ta Anjelus ce, ƙarfe 6 na safe da 12 na rana da 6 na yamma, addu'a ce ta tuna saƙon da mala'ika Jibrilu ya kawo wa Maryamu, ba ta wuce minti biyu uku. Ki tsaya kawai ki yi shiru ko ki yi taki a zuci, ba mai duba bakinki. Layin jibi kuwa kar ki bi, a ƙa'idar Katolika sai ɗan ɗarikar da ya yi katikizim aka shirya shi yake karɓa, ki zauna a kujerarki ba laifi ba ne ba kuma wulaƙanci ba ne, za ki ga ko cikinsu akwai masu zama. Ki shirya ma, kafin Ista akwai azumin kwana 40 da ke farawa ranar Larabar Toka, za ki ga goshi duk toka kar ki ce wa kowa ya goge datti, Juma'o'in lokacin ana Hanyar Gicciye kuma da wuya ki ga nama a kafteriya sai kifi da wake, watan Mayu da Oktoba kuma na Rosari ne. Gardamar Maryamu a hostal da dare ki bar ta, an fi shekara 500 ana yin ta ba ke za ki ƙarasa ta a aji ɗaya ba. Ki tambaya ko an yarda 'yan sauran coci-coci su yi zumuntarsu, wasu makarantun na ba da aji ɗaya da yammar Lahadi.

TAMBAYA: Malama ina gaisuwa. Ni tsohon hedimasta ne na yi ritaya, giratuti nake so in zuba wa autana a ɗaya daga jami'o'in Katolika ya karanci aikin jinya. Shin takardarsu daidai take da ta gwamnati? Zai samu bashin karatun nan na gwamnati? Kuma an ce Bwari ba lafiya.
Wani uba daga Kwantagora

AMSA: Baba ina wuni, Allah ya sa a ci giratuti lafiya. Takarda daidai take matuƙar NUC ta ba jami'ar lasisi, kuma ba yau suka fara ba, jami'ar Madonna ta Fada Emmanuel Edeh na cikin jami'o'in kuɗi uku na farko da aka ba lasisi a 1999 tare da Babcock da Igbinedion, daga baya aka samu irin su Caritas da Godfrey Okoye a Inugu, Augustine a Epe ta Legas, Dominican a Ibadan. Sai dai Baba a nan mutane ke faɗawa rami, lasisin jami'a daban amincewa da kos daban. Aikin jinya bayan NUC sai hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ta amince ta kuma ba makarantar adadin ɗaliban da za ta ɗauka, haka likitanci da hukumar likitoci ta MDCN, haka lauya da hukumar ilimin shari'a. Makarantar da ta kwashi fiye da adadinta yaro zai gama ya zauna jiran layi kafin ya rubuta jarrabawar lasisi. Ku sa wani jikanku ya buɗe shafin NUC da na hukumar jinyar a intanet ya duba sunan makarantar da kos ɗin, kar ku tsaya ga abin da aka buga a kalanda. Ku tabbata kuma adimishan ɗin ta CAPS, shafin JAMB na ba da gurbi, ya fito yaro ya karɓa da hannunsa, ku tambayi wane asibiti suke zuwa koyon aiki da nisansa.

Bashin NELFUND da aka fara a 2024 na ɗaliban makarantun gwamnati ne, na kuɗi ba sa ciki, haka ma TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ba ta gina musu ko aji ɗaya, shi ya sa komai a kan iyaye yake, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuma dizal da abinci suka tashi kuɗin makarantun ma ya bi su. Don haka kar ku yi lissafi da kuɗin bana kaɗai, jinya shekara biyar ce, ku ɗauka zai ƙaru, ku tambaya ko hostal da abinci na ciki ko daban ake biya, ko ana yarda a biya kashi-kashi, da abin da ake yi wa yaron da bai cika ba ranar jarrabawa. In giratutin shekara biyu kawai zai ɗauka gara tun yanzu a nemi kwalejin jinya ta gwamnati, yaron da kuɗi ya yanke masa a aji uku ya fi ban tausayi.

Tsaro kuma ba zan rufe ku ba. A Yulin 2022 bayan fasa gidan yarin Kuje da kwanton ɓaunar da aka yi wa sojojin fadar shugaban ƙasa a yankin Bwari, Veritas ta sallami ɗalibanta na wani lokaci, farkon 2024 kuma an yi fama da satar mutane a ƙauyukan yankin. A nan rufe getin da ɗana na Kafanchan ke kuka da shi yake da rana. In kun je ku dubi katanga da masu gadi da idonku, ku ja wa yaro kunne kan tafiyar dare a hanyar Dutse zuwa Bwari ranar dawowa hutu.

TAMBAYA: Anti akwai wata 'yar kwaya, wato mawaƙan coci, da nake so, sau ɗaya na raka ta bakin hostal ɗinsu washegari Sista ta kira ni ofis tana tambayata sunan babana. Ya ake soyayya a wurin nan?
Wani ɗan aji ɗaya

AMSA: Kai ɗan nan, ko wata uku ba ka yi ba har ka gano 'yar kwaya? Buɗe littafin dokokin da ka sa wa hannu ka karanta shafin hostal ɗin mata, a yawancin makarantun nan taka wannan layin kaɗai na iya jawo dakatarwa na semesta guda kuma kuɗin da babanka ya biya ba a mayarwa. Ku gaisa a kafteriya da laburare inda kowa ke gani, Sista ba ta hana wannan. Sunan babanka da ta tambaya kuwa ba don ta yi masa addu'a ba ne, lambarsa na cikin fayil ɗinka, gara ka kira shi yau da kanka kafin ta riga ka.